Lambun Dubagari

Babanmu, Allah ya ji ƙansa, shi ya laƙaba wa Inna suna Dubagari, kuma har ya bar duniya bai taɓa gangancin faɗa a gabanta ba. Mu ma 'ya'yanta sai ta ba da baya muke faɗa. Tun kafin a haife ni take aikin shara da goge-goge a asibiti, a ɗakin kwanciya na mata, kuma a can ta tsufa. Ana cewa sana'a takan biyo mutum gida. Ta Inna ba biyo ta take yi ba, riga ta isowa take yi. A gidanmu ba a ajiye cokali a jiƙe, ba a rataye tawul a kan ƙofa, kuma baƙo in ya sha ruwa ya yi sallama, kafin ya kai bakin titi kofinsa yana cikin ruwan zafi. Mun tashi da warin bilic a hanci har muka ɗauka haka iskar duniya take.

Kada a ce raina aikinta nake yi. Da tsintsiyar nan da bokitin nan ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, ba ta kai kukanta ƙofar kowa ba. In ta dawo daga aiki takalminta a waje yake kwana, rigar aikin kuma robar wankinta daban, kuma ba mai taɓa Inna, ko da kuka ka taro ta, sai ta wanke hannu har gwiwa. Hannuwan nan duk sun tsattsage saboda sabulu da bilic, fatar ta yi fari-fari a tsakanin yatsu. Ban taɓa ganin baƙi a ƙarƙashin farcenta ba, ko sau ɗaya.

Ni ce auta. Da aurena ya mutu na dawo gida da keken ɗinkina, na kafa shi a ɗakin da tagarsa take kallon bayan gida. Don haka duk abin da zan faɗa game da lambun nan ba ji na yi ba. Ta tagar nan na gan shi, ƙafata a kan keke, raina a ɓace.

Bayan gidan namu ba wani fili ba ne na a zo a gani. Tsiri ne tsakanin bangon ɗakuna da katangar maƙwabta, da bishiyar mangwaro a wannan ƙarshen, da tankin ruwa a wancan, da igiyar shanya a tsakani. Da Inna ta ajiye aiki mun zaci hutawa za ta yi. Ta wanke labule, ta wanke bango, ta sa aka sauke mata fankar sama ta wanke, har ta kai ba sauran abin wankewa a gidan sai mu. Sai na riƙa ganinta tana tsayawa a ƙofar baya, hannu a ƙugu, tana kallon tsirin nan. Wata safiya ta ce lambu za ta yi.

Na san inda abin ya samo asali. Bayan katangarmu akwai wata dattijuwa da unguwa take kira Mai-kaji. Tsakar gidanta in ka leƙa sai ka rasa inda za ka sa ƙafa: kashin kaji, busasshen ganye, fasassun robobi, ɓawon albasa, komai a inda ya faɗi. Amma alayyafonta yakan kai ƙugu, tumatir har rassa suna karyewa, kabewa kuwa takan hau katanga ta leƙo mana. Inna takan sa sanda ta mayar mata da yaɗon tana tsaki. In Mai-kaji ta miƙo mana ganye ta saman katanga, Inna za ta karɓa da godiya, ta kai famfo ta yi ta wanki har sai ganyen ya gaji ya kwanta. Daga nan sai ta ce, in ƙazanta tana ba da wannan, to ina ga tsabta. A nan gizo yake saƙar, amma wa ya isa ya faɗa mata.

Ga yadda Inna take lambu. Kullum da safe, kafin ta sa komai a baki, za ta zura tsohuwar rigar aikinta, ta sa safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu, ta ɗauki tsintsiya ta share ƙasar. Ƙasar lambu fa nake nufi. Duk ganyen mangwaron da ya faɗo, duk ɗan tsinke, duk baƙar ƙasa mai laushi da ke sama, sai ta tattare su tas. Tana shara tana shara har ta kai ga jar ƙasar da ke ƙarƙashi, mai tauri kamar daɓe. Ruwan da ta goge ɗakuna da shi, mai bilic da sabulu, ba ta zubar da shi a kwata, a lambu take yayyafa shi, wai ya kashe ƙwayoyin cuta. In ta ga tana, 'yar tsutsar ƙasar nan da kowane mai shuka yake murnar gani, sai ta ruga kicin ta ɗebo gishiri. Irin da ta sayo a kasuwa ma sai ta wanke shi da sabulu, don ba ta san hannun wa ya taɓa shi ba.

Daminar farko ba abin da ya fito sai wasu 'yan siraran abubuwa kamar zare, suka leƙo suka ga inda suka zo suka koma. A ta biyu aka ba ta shawarar takin zamani, ya kuwa kwanta mata a rai, don fari ne fes, a buhu yake, kuma ba ya wari. Ta zuba shi yadda take zuba garin sabulu a makewayin asibiti. 'Yan tsiron da suka yi ƙarfin hali suka ƙone. A daminar nan ce kuma santsi ya kwashe ta. Ƙasar da aka share ta zama daɓe ba ta shan ruwa, sai dai ya kwanta a kai. Ta faɗi a kan ƙugunta, bokiti a hannu, ni kuma na kasa ɗaga ta sai da na kira Yaya.

Yaya shi ne babbanmu, makaniki ne, garejinsa ba nisa da gida. Mutum ne mara yawan magana, irin wanda in ya ce zai yi abu ka ɗauka an gama. Shi ya ɗauke ta cak ya sa a mota. Ta jima tana tafiya da sanda. Ranar da ta ajiye sandar ya zo ya tsaya a ƙofar baya, ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce siminti zai sa a zuba daga bango har katanga. Ya ce ba zai zauna uwarsa ta karye a kan alayyafon da bai taɓa gani da idonsa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma na goya masa baya.

Na zaci Inna za ta yi murna. Wa ya kai ta son siminti, abin da ake wankewa ya fita? Amma sai ta gyara zama, ta roƙe shi, ita da ban taɓa jin ta roƙi ɗanta ko allura ba. Ta ce ya ba ta damina ɗaya. In ruwa ya zauna sosai ya zo ya duba. In bai ga abin da zai kira shuka ba ya kawo birkilansa, ba za ta ce uffan ba. Yaya ya ce ya ji, kuma a kan haka aka tsaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun bazara ba ta yi nisa ba, rana tana dukan kwanon rufi har yana ƙara, Inna ta fara shiri. Ni kuma na ga in ban sa hannu ba, to simintin nan kamar an zuba ne. Ba wai son lambu nake yi ba. Roƙon nan da ta yi wa Yaya ne ya tsaya mini a rai. Na ture ɗinkin mutane gefe na ɗauki fartanya. Muka yi kwanaki muna saran ƙasar nan, fartanya tana tsalle tana dawowa, tafin hannuna ya yi bororo har allura da ƙyar nake riƙewa. Muka farfasa dunƙulen ƙasa, muka ja kunyoyi. Inna ta sa igiya ta daidaita su suka miƙe sambal, ta lallashe gefensu da bayan shebur har suna sheƙi, kamar gadajen da aka gyara kafin likita ya zagayo. Kyau kam sun yi kyau, ba mai musu.

Da yamma na leƙa katanga na tambayi Mai-kaji ta faɗa mini tsakani da Allah. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce ba wani asiri, ƙasarmu yunwa take ji, an daɗe ana kwashe mata abinci ana ba ta sabulu. Ta ce tana da kashin kaji da ya kwana biyu ya huce ya zama gari, haɗe da ruɓaɓɓen ganye. In binne shi a cikin kunyoyin in rufe, kafin ruwa ya sauka ya bi ƙasa. Ta ce amma fa kada in bari Dubagari ta gani. Sai a ranar na san sunan ya tsallaka katanga.

Na fara gwada lalama tukuna. Na kawo maganar taki muna cin abinci, ta ce ba a zancen kashi a kan kwano. Na sake kawowa tana ninke wanki, ta ce ita ba za ta gayyato ƙudajen unguwa gidanta ba. Na ce mata kowa haka yake yi, ta ce ai kowan ne yake cika asibiti. Na nuna mata katanga, na ce ga shaida nan kore shar, ta ce wannan matar Allah ne kawai yake tsare ta. Sai na koma jiran dama.

Dama ta samu da ƙanwar Inna ta kwanta rashin lafiya, Inna ta tafi dubiya za ta kwana biyu. Motar ba ta gama fita layi ba na jingina kujera jikin katanga. Mai-kaji tana miƙo buhu ina karɓa. Na buɗe cikin kowace kunya na zuba, na rufe, na lallashe da bayan shebur yadda take yi, na share sawuna, har zanen tsintsiya sai da na maido a kai. Na wanke fartanya da bilic, na yi wanka, na canza kaya. A ganina ko ɗan sanda ba zai gane ba.

Na manta da hancin Inna. Matar da takan tsaya a bakin ƙofar ɗakin majinyata ta faɗi gadon da aka ɓata. Ta dawo da la'asar, ta ajiye jaka, ta wanke hannu, ta sha ruwa, ta nufi ƙofar baya. Ina ji takunta ya tsaya. Ba ta kira ni ba, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta koma ɗaki ta sa rigar aiki da safar hannu.

Abin da na gani ta taga a kwanakin da suka biyo baya, har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ta tone kunyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsaya nan ba, ta ɗauko tsohuwar rariyar kicin, ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana tankaɗe ƙasa. Mace mai jikoki, da ƙugun da bai gama warkewa ba, tana tankaɗe ƙasa da rariya a cikin rana. Duk abin da ya yi baƙi ko ya yi laushi ta ware shi a bokiti, ta ja ƙafa ta kai bayan tanki ta juye. A can ta tara takin gaba ɗaya. Tunda wuri ya riga ya ɓaci, ta riƙa bin sa da sharar ganyen mangwaro, da ruɓaɓɓen tumatir da cikin kabewa daga kicin. Ta jingina tsohon kwanon rufi ta kare wurin don kada idonta ya riƙa faɗawa kai. Sannan ta aika wa mai baro, mutumin da yake kwashe sharar unguwa, ya zo ya raba ta da wannan masifa.

Na yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, na fita na tsaya a kanta.

"Inna, don Allah mene ne haka? Hannuna bai gama warkewa ba saboda kunyoyin nan."

Ba ta ɗago ba. "Ban sa ki ba."

"Abin da kike kira datti shi ne abincin ƙasar. Kin hana ta ci, kina ba ta bilic, sannan kina jiran ta ba ki tumatir. Yaya zai zo ya zuba simintinsa, kuma ke kika jawo."

Ta ajiye rariyar a cinya. "Ke warin datti kawai kika sani, Auta. Ni na ga abin da yake yi. Na ga mace ta shigo da ƙafarta, ɗan ciwo bai fi ƙwayar wake ba, datti ya shiga, aka sallame ta ba ƙafar."

Na ce mata ƙasa ba ƙafar mutum ba ce. Na ce in tsabta take so ga siminti nan tafe, ta wanke shi safe da yamma, ta huta mu huta. Na tambaye ta me ma take nema a lambun nan, ita da tumatirin kasuwa bai gagare ta ba. Ta dubi ƙasar da ke cikin rariya ta amsa.

"Duk wadda na share wa ƙarƙashin gado, ɗayan biyu ne. Ko ta warke ta tafi ba ta san sunana ba, ko a fitar da ita a lulluɓe, ni kuma a ce in wanke gadon. Ina so in ga abu ɗaya da na kula da shi tun yana ƙarami, ya girma, ya tsaya a inda na sa shi."

"Mu fa?"

"Ku ma ai tafiya kuka yi. Ke kaɗai kika dawo, ke ma ba don ni ba."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na ji tausayinta, na ji haushinta, ban san wanda ya fi yawa ba. Na koma kan kekena na ce a raina ba ruwana kuma, ko wanke ƙasar za ta yi ta shanya a igiya. Muka yi kwanaki ba abin da yake haɗa mu sai gaisuwa da ga abinci nan.

Mai baro kuwa bai zo ba. Farko aka ce tayarsa ta fashe. Da ya gyara, sai kowa a unguwa ya tashi neman a yashe masa kwata kafin ruwa, ya zama ɗan gata. Inna ta aika, ya ce gobe. Ta sake aikawa, ya ce jibi. Kullum in ta zo ɗiban ruwa a tanki sai ta kau da kai daga kwanon nan tana masa Allah ya shirya. Ni ma ban leƙa wurin ba, don ganinsa tuna mini bororon hannuna yake yi.

Hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi ko'ina ban da bayan gidanmu. Inna ta sake jan kunyoyinta da tankaɗaɗɗiyar ƙasa, ta wanke irinta, ta shuka a jere, tazara daidai wa daida. Kuɓewa a nan, alayyafo a can, ga dashen tumatir da ta rena a tsohuwar roba. Ruwa ya biyo ruwa. Bayan katanga ya yi kore har ido yana hutawa. Namu kuwa, kuɓewa ko sallama ba ta yi ba. Alayyafo ya fito ja-ja, ya kai tsayin farce ya tsaya cak. Tumatir ya yi rawaya ya sunkuyar da kai. Sai in ga Inna ta tsuguna a gabansu tana musu sannu da muryar da take yi wa majinyata. Ta tsinci ƙyallaye a ƙarƙashin kekena, ta wanke su, ta ɗaure kowane tsiro a jikin tsinke. Ganyen da ya mutu ta cire shi nan take ta kai shara, har suka zama tsirara, sanduna a jikin sanduna. Ina kallo ina dannan keke da ƙarfi, har na karya allura a rigar wata baiwar Allah.

Da ruwa ya zauna Yaya ya zo. Ya cire takalmi a waje yadda aka saba, ya wanke baƙin man da ke hannunsa, ya gaishe da Inna, ya tambayi ƙugu. Ya wuce ƙofar baya ya tsaya, bai daɗe ba ya dawo. Bai ce mata komai a kan alkawari ba. A bakin ƙofa ya ce mini birkila zai zo ranar Asabar. Aka sauke yashi da tsakuwa a ƙofar gida, aka jera buhunan siminti a baranda. Inna ta cika maganarta, ba ta ce uffan ba. Amma washegari na farka na ji gidan wani iri, sai daga baya na gane ƙarar tsintsiya ce ban ji ba. Tana zaune a bakin gado da rigar aikinta, safar hannu a cinya. Ni da na daɗe ina fatan tsintsiyar nan ta yi shiru, da ta yi sai na ji ba daɗi.

Ranar Asabar birkila ya iso da mutanensa, suka fara kwaɓa siminti a bakin ƙofa. Yaya da kansa ya je ya taso ƙeyar mai baro, don dole a kwashe bolar bayan tanki kafin a zuba. Mutumin ya turo baronsa yana ba Inna haƙuri, ita kuma ta sa safar hannu ta biyo shi, wai ta ga bai zubar mata da komai a hanya ba. Ya kama kwanon ya janye gefe, sai ya tsaya da shi a hannu.

"Mama, har da waɗannan za a kwashe?"

Na fito da almakashi a hannuna. Bayan kwanon, a kan baƙar bolar nan, tumatir ne tsaye har gwiwa, kore mai duhu, kaurin jikinsa kamar ɗan yatsa, wasu har sun fara fure. Kabewa ta shimfiɗa manyan ganye tana neman hawa ƙafar tanki. Ga alayyafo a tsakani, wanda irinsa ya biyo takin Mai-kaji. Ba wanda ya ja musu igiya, ba wanda ya yi musu sannu.

Maganar ta zo mini har kan harshe: ban faɗa miki ba? Na ɗago zan faɗa, sai na ga fuskarta na haɗiye. Ba murna ba ce a fuskar. Ta yi tsaye kamar wadda aka mara a bainar jama'a. Kan Mai-kaji ya ɓullo a saman katanga, baki a buɗe da dariya, ta dubi Inna sau ɗaya ta koma.

"Wanda na yi wa hidima ya mutu," in ji Inna, ba da kowa take ba. "Wanda na watsar shi ya rayu."

Yaya ya matso ya yi mata magana a hankali. Ya ce wannan bola ce ba lambu ba, matattarar sauro ce, kuma nan ma santsi zai yi. Ya ce an riga an kwaɓa siminti, shi kuma ba ya jira. Mai baro ya gaji da tsayuwa ya ɗaga shebur.

Inna ta cire safar hannun, yatsa bayan yatsa, ta yar a ƙasa. Ta dafa tanki ta tsuguna da ƙugun nan nata, ta cusa hannu cikin baƙar ƙasar da ke gindin tumatir. Wata tana ta fito tana mutsu-mutsu a tsakanin yatsunta. Na ga tsigar jikinta ta tashi. Ba ta zare hannun ba.

"Ka ce in ka ga abin da za ka kira shuka," ta ce wa Yaya. "Wannan mene ne sunansa?"

"Inna, ai ba ke kika shuka ba."

"Wa ya kawo ƙasar nan wurin? Wa ya zuba tumatirin? Da ƙugun nan na yi ta jigila." Ta juya ta dubi kunyoyinta masu sheƙi da sandunan da ke kai. "Zuba simintinka a inda na share. Can ba abin da zai ƙara fitowa, ni na gama da shi. Nan kuwa ka bar mini dattina."

Yaya ya dube ni, ni kuma na dubi almakashina. Ya sosa kai, sannan ya ce wa birkila ya tsayar da layinsa a bakin tanki, kuma kada ya goge saman ya yi sumul, ya bar shi da kaushi saboda santsi. Mai baro ya juya da baronsa wayam yana ƙunƙuni, wai an yi ta aika masa kamar gobara.

Baje kunyoyin bai ɗauki mutanen wani lokaci ba. Aikin da ya ci mana bazara guda, shebur ya bi ta kai ya wuce. Inna tana tsaye tana kallo, ta ware hannuwa nesa da jikinta, baƙi ƙirin har wuyan hannu, ta rasa inda za ta sa su. Na kawo mata ruwa da sabulu ta girgiza kai. Ba ta wanke ba sai da kunya ta ƙarshe ta shige ƙarƙashin siminti.

Hali zanen dutse ne, ba zan ce ta sauya ba. Da siminti ya bushe tsintsiya ta dawo bakin aikinta, kuma yanzu ta samu abin da take so, tana sharewa yana fita. Safiyar farko na ɗauke ƙafa daga kan keke na zuba ido ta taga. Ta share ganyen mangwaro tas, ta tara, ta kwashe a bokiti, ta nufi ƙofar gida inda ake ajiye shara. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta daɗe a tsaye da bokitin. Sannan ta juyo tana jan ƙafa, ta zagaya bayan tanki, ta kau da kai, ta yamutse fuska, ta juye shi a gindin tumatir. Daga nan ta wuce famfo, na daɗe ina jin ƙarar ruwa.